Karnukan Nababa a Hannun Ɗalha

Nababa maharbi ne a wani ƙauye na Randagi, a bakin daji. Karnuka biyu gare shi, Duna da Guguwa, da su yake farauta, su ne kuma ke kore masa birai daga gona. Da farkon damina babur ya kayar da shi, ƙafarsa ta karye, aka kai shi Birnin Gwari gidan 'yarsa ya yi jinya. Karnukan ya bar su a hannun Ɗalha, ƙanin matarsa, bisa cewa su tsare masa masara, shi kuma ya ciyar da su.

Sai da masara ta bushe ya dawo, yana dogara sanda. Ko ruwa bai sha ba ya wuce gidan Ɗalha. Ya yi fito irin wanda ya saba, shiru. Can sai ga wani abu ya rarrafo daga ƙarƙashin rumbu, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Sai da ya ga farin tabon da ke goshinta ya gane Guguwa ce.

Haƙarƙarinta duk a waje, ƙugu kamar an kafa tsinke, ciki kuwa ya kumbura tim. Gashin bayanta ya zube, kaska ta cika kunnuwa. Ya ɗaga leɓenta, dasashin fari fat, babu alamar jini. Duna yana bayan garken awaki yana tsintar kashinsu yana haɗiyewa. Kusa da shi ga wani kasko, dusa ce jiƙe a ciki ta yi tsami, ƙudaje sun rufe ta, tsutsa na motsi a gefe. Wari ya doki Nababa, ya juya ya tofar da yawu.

Ɗalha ya fito yana sakace haƙori, kumatunsa har sheƙi suke.

"Yaya, sannu da dawowa. Ya ƙafar?"

"Bar ƙafa. Abin da kake ba su ke nan?"

"To, kare ne fa. Ai an ce mai yunwa ya fi kamu. In ka ƙosar da shi, barci zai yi ta yi."

"Sun kamo maka?"

"Gafiya da zomo kam, ba laifi."

"Kayan cikin fa, da ƙasusuwan?"

Ɗalha ya sosa ƙeya. "Uwargida ce ke zubawa a masai, wai kada su saba da ƙofar ɗaki."

Nababa ya dubi tumbin Ɗalha, ya dubi Duna. Wato su yini suna gudu a bayan biri, su kamo nama a cinye a gabansu, ragowar ma a fi son masai da ita.

"Jakinka kana ba shi harawa," in ji shi. "Kai dai ba ka ji kunyar Allah ba, Ɗalha."

Duna bai iya tafiya ba, a baro aka turo shi gida.

Ranar kasuwa Nababa ya sami Jumare, malamin dabbobi, ya kwatanta masa abin da ya gani. Jumare ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, ya ce, "Baba, kada tausayi ya sa ka cika musu kwano tashi ɗaya, cikinsu ba zai ɗauka ba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Kuma dusa kaɗai ba ta riƙe karen da ke gudu. Sai da nama da maiƙo. Daji kuma a ɗaga musu shi tukuna."

Daga nan ya biya wajen Jaji mahauci, ya karɓo huhu da tumbi da ƙashi mai ɓargo. Ya ware tukunya guda, yana dafa su da tsakin masara da ɗan man gyaɗa, wani lokacin ya fasa ƙwai a kai. Ruwan shansu kullum sabo. Da maganin ya fara aiki, abin da ya fito daga cikin Guguwa ya hana Nababa cin tuwo a ranar. Ya kwashe da shebur yana toshe hanci, yana ambaton sunan Ɗalha.

Guguwa ce ta fara farfaɗowa. Dasashinta ya yi ja, sabon gashi ya tsiro, kafin a gama sussukar dawa har ta kamo zomo. Duna ya yi ƙiba shi ma, amma gudun bai dawo ba. In ya bi biri kaɗan sai ya tsaya yana haki, don haka Nababa ya bar shi a tsaron gida.

Da damina ta zagayo, birai suka far wa gonar Ɗalha. Ya zo da goronsa ya durƙusa.

"Yaya, ko Guguwa kaɗai ka ara mini."

Nababa bai dubi goron ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar garwa da guntun ƙarfe, ya ajiye a gabansa.

"Ga shi. Ka hau dakali a gonar ka yi ta bugawa, biri na tsoron ƙara."

Haka Ɗalha ya ƙare daminar, yana kaɗa garwa a rana, rabin masarar kuma birai suka cinye.