Gashin Matar Mai Agogo

"Miƙo almakashin nan," in ji mai kitso. "Kan da nake kitsawa shekara da shekaru, ba ke za ki fara sa masa ƙarfe ba."

Nas ɗin ta yi dariya ta miƙa mata. Maƙwabciyarta, matar mai agogo, tana zaune a gadon asibiti, ta rame sai idanu, tari ya ƙi barinta. Ɗan gashin ƙeya ake so, kusa da fata, wai gashi yana riƙe sinadarin taba wata da watanni, awo zai nuna yawan hayaƙin da ya shiga jiki. Mai kitso ta yanka tana tsaki a ranta. Ita wane awo take buƙata? Duk sanda ta tsefe kan nan, da warin taba take komawa gida a tafin hannunta.

A cikin ɗakin kwanansu mijin yake gyaran agogo, taga a rufe ruf, wai ƙura tana ɓata masa aiki. Sigari kuwa, wani na mutuwa yana kunna wani. Sau nawa matar ta roƙe shi ya riƙa fita ƙofar gida? Amsarsa ba ta sakewa: "In na tashi, ke za ki ƙarasa mini aikin?"

Ranar da sakamako ya fito, yayar mijin tana wurin. Nas ta ce abin da aka samu ya kusa kai na mai sha, ta kuma ce hayaƙin wani ma yana yin haka in an daɗe ana shaƙarsa a rufaffen ɗaki. Yayar ta ɗauki rabin farko ta bar na biyun a asibiti. Kafin a sallamo mara lafiya, duk layin ya ji cewa ashe a ɓoye take zuƙa, likita ma ya tabbatar. Mijin ya ji, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Bari in je in wanke shi tas a gaban mutane," in ji mai kitso.

"Don Allah ki bari, 'yar uwa." Matar ta riƙe mata hannu. "Zai faɗa da bakinsa. Kunya ce kawai."

Mai kitso ta bari, ba don ta yarda ba.

Wata safiya da hantsi matar mai agogo ta cika, mai kitso tana tsefe mata kai. Kafin rana ta yi tsaka ɗakin ya cika da mata masu gaisuwa. Wata ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita: "Allah ya yafe mata. Masu shiru-shirun nan sai a hankali."

Ran mai kitso ya ɓaci. Ta fita neman mijin, ta same shi a tsallaken titi, jingine da falwaya, sigari a bakinsa.

"Malam, ka shiga ka gaya musu ba ta taɓa sa abin nan a baki ba."

"Ai ta riga ta tafi. Me maganar za ta ƙara mata?"

"Sunanta bai tafi ba." Ta dubi hayaƙin, ta dube shi. "Yau kuma a waje ake sha?"

"Yaya ce ta ce warin yana sa ta ciwon kai."

Ta koma ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa wa matan komai da kanta, da ƙarfi, har muryarta ta dushe. Suka saurare ta tsaf.

"Allah sarki, amana ke nan," in ji yayar mijin. "Dole ƙawa ta rufa wa ƙawarta asiri."

Matan suka gyaɗa kai.

Mai kitso ta zauna a gefen gadon. Wani ya buɗe tagar saboda baƙi, iska tana kaɗa labulen da a da fari ne. Agogunan teburin suna ta tafiya, kowanne da lokacinsa. Ta kai tafin hannunta hanci.