Ranar da Bara'atu Ta Kira Sunan Ɗanta

"Masassara ta, ta wuni guda," in ji Gwaggo Murja, tun kafin mai gaisuwar ta gama zama a tabarma. Haka take tare duk macen da ta shigo ta'aziyya gidan Malam Dodo mai hatsi a Ƙofar Marke. Ita ce yayar maigidan, kuma tun da aka fita da makara ta kafa doka: kowa ya tambayi abin da ya kashe ɗansa Gazali, a ce masassara.

Uwani, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, tana gefe tana miƙa wa baƙi ruwa, zuciyarta na tafasa, don ta san gaskiya. Jiya da azahar yaron ya dawo daga lodin siminti a Kalambaina, ya yi fari fat, ya ce jikinsa na ciwo. Ya haɗiyi ƙwayar nan da samari ke saya hannun wani mai tallar magani, wai tana kashe gajiya, ya kwanta. Har gidan Uwani ake jin minsharinsa. Uwarsa Bara'atu ta yi ta korar ƙannensa, wai a bar shi ya huta. Da la'asar ta wuce aka girgiza shi, bai motsa ba. A asibiti likita ya ce jabu ce, irin wadda ake cusa wa abu mai tsayar da numfashi, har ya ambaci wani wai shi fentanil. Ya ce wannan minsharin ba na gajiya ba ne, numfashi ne ke yankewa.

Abin da ya hana Uwani sakat shi ne ɗanta Hamza. Mota ɗaya suke lodi da Gazali, kwano ɗaya suke ci. Da safe ta tsare shi, ya rantse bai san komai ba, amma ya ƙi kallon idonta. In aka tashi a kan cewa masassara ce, gobe yaran nan za su haɗiye abin da ya rage a aljihunsu.

Ita kuwa Bara'atu ba ta ce uffan ba, ba kuma wanda ya yi mamaki. Gazali ɗan fari ne, kuma kaf unguwar ba wadda ta kai ta alkunya. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Mata kan zolaye ta cewa ko rijiya ya faɗa, sai ta duba ba mai ganinta kafin ta miƙa guga.

Ana cikin haka sai ta miƙe, ta ja mayafi, ta ɗauki ƙwarya ta nufi zaure. Ta ce a shigo mata da abokan lodinsa, waɗanda suka dawo daga maƙabarta da jar ƙasa a ƙafafunsu.

"Bara'atu, mi za ki yi? Ki ruhwa muna asiri," in ji Gwaggo Murja.

Ko juyowa ba ta yi ba. Samarin suka shigo suka durƙusa, Hamza na can baya.

"Ku matso, ɗiyana," ta ce. "Ba masassara tak kashe Gazali ba."

Da sunan ya fita daga bakinta, matan suka kalli juna. Wata tsohuwa ta kama baki.

"Ƙwaya ta. Ina jin minsharinai nih hana a tashe shi, ni da kaina. In kun ji waninku na irin wanga minshari, ku tashe shi, ku sheƙa da shi asibiti. Wanda duk ad da saura ga aljihu, ga ƙwarya nan. Ba ni kallon kowa."

Ta ajiye ƙwaryar, ta rufe fuskarta da mayafi.

Malam Dodo ya ji komai daga bakin ƙofa. Gwaggo Murja ta kalle shi, tana jira ya tsawatar. Shi kuwa ya ce a bar ta, gaskiya ta faɗa, sannan ya juya wa zauren baya. Matan ma suka sunkuyar da kai. Can sai aka ji wani abu ya faɗa ƙwaryar, ƙwas, sannan wani, sannan wani.

Uwani dai ta kasa sunkuyar da kai. Ta ga Hamza ya zaro ɗan ƙullin leda daga aljihu ya saka. Ta ɗauka kunya za ta rufe ta, sai ta ji alfahari ya cika mata ƙirji, da ɗanta, da kuma wannan matar da suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Bayan samarin sun fita wata baƙuwa ta yi sallama, ta yi gaisuwa, ta tambaya ko mamacin ya yi jinya. Gwaggo Murja ta buɗe baki, ta mayar ta rufe. Bara'atu ta koma tabarmarta ta zauna, ƙwaryar na gefenta an kifa mata faifai. Uwani ta matso kusa da ita, ta ga leɓɓanta na motsi a hankali, tana maimaita sunan.