Farin Akwatin Malam Tahir

A duk faɗin Maiduguri, Malam Tahir ne kaɗai ya san zafin da ake yi. Sauran jama'a gumi kawai suke yi.

Haka yake faɗa, kuma maƙwabcinsa Pius, mai sana'ar ƙanƙara, bai taɓa ganin dalilin musu ba. Malam Tahir tsohon malamin labarin ƙasa ne. Tun unguwar Dusuman tana gonakin gero da wake ya kafa tasharsa a bayan gida: farin akwati mai tagogi a kan ƙafafu da ma'aunin zafi a ciki, mazurarin auna ruwan sama, sai wasu kofuna a kan sanda waɗanda iska ke juyawa. Ba gwamnati ce ta sa shi ba. Ba ta ma san yana yi ba. Kullum bayan la'asar yakan tura sakamako ta waya ga 'yan unguwa. Masu gona su karanta, dillalan shanu su karanta, Pius ma ya duba ya san yawan ƙanƙarar da zai daskarar gobe. Ko ranar da aka yi jana'izar ƙanin Malam, saƙon ya zo, sai dai ya makara.

Sannan gari ya iso. Bulo ya cinye gonaki, kwano ya rufe sama. Pius, wanda ya taso daga unguwar Lamisula ya gina shagonsa a jikin katangar Malam, ya sha jin sa yana cewa, "Ran da gini ya ɓata mini iska, zan kwance kayana. Ba zan tura wa mutane ƙarya da lamba a jikinta ba."

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, lokacin da mai ƙanƙara ke zama babban mutum. Pius ya sayo ƙaton janareta, ya girke shi a lungun baya, domin matarsa Nkolika ta ce ba za ta kurmance a bakin shago saboda arzikinsa ba.

A makon ne Malam ya sanar da cewa zafin Dusuman ya kai digiri hamsin da ɗaya. Unguwa ta yi alfahari, kamar ita ta ƙera ranar. Washegari wani tsohon ɗalibinsa da ke aikin yanayi ya kira shi cikin ladabi, ya ce su arba'in da uku suka gani. Malam bai yi gardama ba. Ya tura wa kowa ban-haƙuri, ya zo ya zauna a bencin shagon Pius.

"Oga Pius, ko na'urar ta tsufa, ko ni. Zan ba ta zuwa Juma'a. In ta sake, na sauke akwatin, uwargida Hajja ta samu wurin shanya."

"Haba Malam! Wa zai faɗa mana muna jin zafi?"

"Ka tambayi rigarka."

Malam ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

Da rana Pius ya zagaya lungu don ƙara wa injin mai. Hucin da ke fita daga bututun ya doke shi a fuska. Ya bi shi da ido, ya ga yana kutsawa ta ramukan bulon iska da ke saman katanga. Ya ɗage ya leƙa. Farin akwatin na tsaye a ɗaya gefen, yana shaƙa.

Ya daɗe a wurin. In ya faɗa, Malam ba zai ce a matsar da inji ba, ba halinsa ba ne. Cewa zai yi ranar da ya daɗe yana faɗa ta zo, ya ɗauko sukurdireba ya kwance akwatin.

"Sai mu matsar da injin gaban shago," ya ce wa Nkolika.

"Gaba ina? Inda nake zama?"

"Ki koma gindin darbejiya."

"Papa Oluchi," ta kira shi da sunan 'yarsu, "azumi ake yi. Mutane na layi da kulolin ƙanƙara tun azahar. Ka san kwana nawa mai haɗa wayar lantarki zai ɗauka? Saboda akwatin tattabaru?"

"Ba tattabaru ba ne. Kimiyya ce."

"Kimiyya za ta biya kuɗin makaranta?"

Pius ya nufi lungu. Ya kashe injin, ya kira masu ɗaukar kaya, ya manna takarda a ƙofa cewa ana gyara. Masu kula suka wuce shagon abokin hamayyarsa. Nkolika ta ɗauki kujerarta zuwa gindin bishiya, tana wani dogon bayani da Inyamuranci wanda bai buƙaci fassara ba.

Ranar Juma'a, bayan la'asar, Malam ya iso da waya a hannu, hularsa a karkace.

"Arba'in da biyu da rabi! Daidai da na masu aikin yanayi. Gizo-gizo ne, Oga Pius, ya yi saƙa a tagogin. Na share tas."

"Kai, gizo-gizo mugu ne, Malam."

"Kimiyya tana son tsabta. Af, ba ƙanƙara yau? Hajja ta aiko ni."

"Sai jibi, in Allah ya yarda."

Malam ya tafi yana tura saƙo, wayoyin unguwa suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Pius ya duba tasa, ya karanta lambar har sau biyu. Sannan ya buɗe ɗakin sanyi, ya ɗauki tsintsiya, ya fara koro ruwan ƙanƙarar da ta narke zuwa kwata.