Koren Fenti

Bayan isha'i bangon katako ya sake yin gurnani, dum, dum, kamar sa ya faɗa rijiya. Abdulkahar mai fentin mota ya banko ƙofar maƙwabcinsa ba sallama.

Tsoho Muntaka na zaune da wata doguwar jita mai kauraran tsirkiya huɗu, ya tokare kanta da bango, don ta haka kawai muryarta ke fita. A sharar wani sito a unguwar Khumra ya tsinto ta. Fentinta ya koɗe, ƙarfen bel ya zazzane bayanta, inda hannu ke zama ya yi baƙi.

"Shekara talatin a ƙasar Larabawa ba ka da iƙama, takardar zama, kuma ka hana masu iƙama barci? Wallahi in ta wuce Juma'a a gidan nan, 'yan sanda zan kira maka."

"Ba za ta wuce ba," in ji Muntaka. "Wani Balarabe wai shi Turki, mai tara irinsu, ya ga hotonta. Zai ɗauke ta, ya ba ni ɗaki a gidansa in riƙa goge masa sauran. Ka huta, in huta."

Abdulkahar ya yatsine fuska. "Wannan ƙazantar za ka miƙa wa baƙo? Ya gudu ya bar mu da ita? Kawo nan, tsohon banza."

Muntaka ya dubi tabon, kunya ta kama shi, ya miƙa. Kwana biyu Abdulkahar yana kankara, yana feshi, yana zagi. Ta dawo koriya shar, mutum na ganin fuskarsa a jikinta.

Da aka sauko Juma'a Turki ya iso unguwarsu, Waziriyya. Ya juya jitar, ya shinshina, ya shafa bayanta, sai ya haɗe rai.

"Ina tsohon fentin? Ina zanen? Gumin shekara sittin na zo ɗauka, ya hajji! Mai ƙyalli ai ko a kanti akwai. Halas, na fasa."

Ya dire ta a ƙasa, ya shiga mota.

Muntaka ya ɗauka, ya tokara da bango, ya ja tsirkiya mafi kauri. Muryar tana nan yadda take. Mutanen gida suka yi cirko-cirko. Abdulkahar ya ciro waya zai kira 'yan sanda, ya riƙe bai danna ba, yana kallon ƙurar motar.

"Wai tsaya, fentin nawa ne bai yi kyau ba?"