Kyamarar da Na Tura Juma'a

Ni ne Uwaisu Sola. Daga Ikara har Makarfi ka ambaci sunan, ko mai rake zai nuna maka shagona. Ina ɗaura sola, ina ɗaura kyamara, ina gyaran waya in mai ita ba ya tsaye a kaina. Wannan giɓin da kuke gani a bakina kuwa, ba faɗuwa na yi a mashin ba kamar yadda nake gaya wa 'yan mata. A Kurmin Kogi na baro haƙoran, ƙofar gidan Alhaji Gambo.

Alhaji Gambo manomin rani ne, barkono da tumatir. Ya sayi sabon injin ban ruwa, yana ajiye shi a wani ɗaki da ke farfajiyar bayan zaure. Ya kira ni na ɗaura masa kyamara mai sim, irin wadda ba ta ɗaukar komai sai ta ga motsi. Ta ga motsi, ta ɗauki bidiyo, ta aika wa wayarsa, waya ta yi ƙara.

To ashe gidan Alhaji babu abin da ba ya motsi. Akuya ta wuce, ƙara. Iska ta kaɗa reshen darbejiya, ƙara. Na rage mata ƙarfin gani, sai ta zama makauniya, Alhaji ya wuce gabanta da babbar riga da tumbinsa duka ba ta ce uffan ba. Na mayar da ƙarfin, na sare reshen, na zana mata iyaka a waya ta daina kallon turken awaki. Saura zabbi. Zabbin gidan nan ba su san iyaka ba, ko sojoji ka kawo.

Wata Asabar ya kira ni ransa a ɓace.

"Uwaisu, jiya abin nan naka ya tozarta ni. Ina sahun farko, liman na huɗuba, wayata ta dinga kuka. Sau tara. Har liman ya ɗaga kai ya dube ni."

"Alhaji, ai sai ka kashe wayar."

"In na kashe ba na iya kunnawa sai an nemo ɗana Zayyad. Ka gyara kawai."

Gyaran gaskiya shi ne in rufe wa wayar baki, kyamara ta ci gaba da ɗauka a shiru. Amma ranar ina da aiki a Kudan, kuma wayar Alhaji ta fi shi tsufa, kafin ta buɗe wurin sai ka yi hamma uku. Sai na shiga wurin saita lokaci na kashe ganin motsin gaba ɗaya, duk Juma'a, ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi. Na ce masa an gyara. Bai tambayi yadda aka yi ba.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. A hanya na sauka tasha shan rake, bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Jama'a, kyamarar Alhaji Gambo ta tuba. Yanzu duk Juma'a da ita ake zuwa masallaci, ƙarfe ɗaya take fita, sai biyu da rabi." Aka kwashe da dariya. Mutane sun kai goma sha, rabi ban san su ba.

Bayan sati biyu, ranar Juma'a kafin la'asar, Zayyad babban ɗan Alhaji ya kira ni.

"Ka taho yanzu. An sace injin, mun kama ɓarawon. Ka zo ka buɗe mana sauran bidiyon."

Tun daga nesa na ga taro. Na jingine mashin, na kutsa. A gindin darbejiya an ɗaure mutum da igiyar shanu, hannu ta baya. Sai da na ƙura ido na gane Salman ne, ɗan ƙwadagon da ke yi wa Alhaji feshi, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya shige. Jini na bin gemunsa yana ɗiga a ƙirji. Zayyad na riƙe da bel ɗin injin niƙa, ya ninka shi biyu.

"Su wa suka taya ka?" Ya zuba masa a gadon baya. Ƙarar kamar an fasa ice.

"Injin feshi na mayar," in ji Salman. "Na ajiye na fita. Wallahi na fita."

Wani ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a hannun dama. Na ji ƙashin da kunnena. Salman bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi, ya sulale iyakar inda igiya ta bar shi.

Alhaji ya miƙo min waya. Bidiyon ƙarshe kafin salla, ƙarfe ɗaya saura minti uku: Salman ya shigo da injin feshi a baya. Daga nan babu komai sai biyu da rabi da minti ɗaya, zabuwa tana wucewa.

"Ka gani ko," in ji Zayyad. "Ya shiga, bai fito ba. Ɓuya ya yi, muka tafi masallaci, suka haurar da injin ta katanga."

A bakin zaure gwaggon Zayyad, Azumi, yayar Alhaji, tana riƙe da ƙyaure, muryarta duk ta dishe.

"Na ce muku ya fita. Ni na ba shi ruwa ya sha, ya fita ta nan ina kallo, ko kiran salla ba a yi ba."

"Gwaggo, ki koma ciki. Ke da ba ki gane ni sai na yi magana. Kyamara ba ta ga fitarsa ba."

Na san dalilin da ba ta gani ba, ni kaɗai a wurin. Na ce, "Bari in duba, wataƙila sabis ne," ina ta danne-danne a banza, ina neman ƙaryar da za ta fitar da mu mu biyu. Ban samu ba.

Ina cikin haka na ga an gangaro da tsohuwar taya. Wani mai jar hula ya tsuguna gaban mashin ɗina, nawa fa, ya zare tiyo yana tsiyayar fetur a gorar ruwa. Aka saƙala wa Salman tayar a wuya. Ya buɗe idon da ya rage, bai kalli kowa ba, leɓensa na motsi yana salati.

Na ce, "Alhaji, kyamarar a kashe take."

Bai ji ba. Na hau kan turmi na ɗaga wayar.

"Ku tsaya. Kyamarar nan ba ta gani daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi ranar Juma'a. Ni na kashe ta. Ko raƙumi ne ya fita da injin nan ta zaure ba za ta ɗauka ba. Ku duba, awa ɗaya da rabi ko zabuwa babu. Gidan nan ne za a yi awa ɗaya da rabi zabuwa ba ta wuce ba?"

Alhaji ya matso.

"Wa ya sa ka?"

"Kai ka ce kar ta yi kuka a masallaci, ranka ya daɗe."

"Na ce ka makantar da ita? Bayan kai wa ya sani?"

Kafin in haɗa amsa, wani daga baya ya ce, "Ai a tasha ya yi shela. Ina wurin, har dariya muka yi."

Ban ga wanda ya hamɓare turmin ba. Na dai ga ƙasa ta taso ta same ni. Zayyad ya ɗago ni ta kwala ya dunƙule hannu ya sa min a baki, na ji wani abu kamar tsakuwa a kan harshe, na tofar, haƙorana ne. Bel ya sauka a wuyana, ya sake sauka a kunne, duniya ta koma wani dogon fito. Takalma ta ko'ina. Wani na cewa tare muka shirya, wani na cewa a kawo taya ta biyu. Na rarrafa na rungume ƙafafun Salman, ba don jarumta ba, can ne kawai babu ƙafar da ke jirana. Fetur ya fantsamo mana, sanyi, ya shiga inda bel ya tsaga, na ji kamar an riga an kunna.

Sai na ji muryar Alhaji dab da kaina.

"Duk wanda ya ƙyasta ashana, da ni zai haɗa."

Ya tsaya a kanmu, rigarsa na shan fetur ɗin da ke jikinmu. Ya fizge gorar daga hannun mai jar hula. Ya juya wajen zaure.

"Yaya Azumi, kin ce kin ga fitarsa?"

"Tun ɗazu nake faɗa, Gambo. Kun fi yarda da ƙarfe."

Alhaji ya cire wa Salman tayar da hannunsa, ya karɓi wuƙa ya yanke igiyar. Salman ya faɗo kaina, nauyinsa kamar buhun masara. Taron ya fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna bai yi la'asar ba.

Ragowar fetur ɗin gorar aka mayar a tankina. Ni na tuƙa, ido na ganin hanya biyu, Salman a tsakiya, Zayyad a baya yana tallafe da mutumin da ya gama farfasawa. Har asibiti a Ikara kan Salman na ta bugun kafaɗata duk ramin da muka faɗa.

Ya rayu. Hannun ya karye wuri biyu, idon hagu kuma sai inuwa yake gani da shi. Injin ba a gan shi ba har yau.

Da damina ta faɗi hannun bai iya ɗaga garma ba, ga gonarsa a bayan gari tana jira. Na rufe shago kwana shida na je. Ni da ban taɓa huɗa ba, tafina ya fashe tun kafin hantsi. Salman na zaune a gindin ɗorawa, hannu rataye a wuya. Kwana biyu bai ce min komai ba, ko gaisuwata da ka yake amsawa. A rana ta uku na kai ƙarshen layi na tsaya ina haki, sai na ji shi.

"Uwaisu."

"Na'am, Yaya Salman."

"Da ido ɗaya ma ina ganin layin nan ya karkace. Koma ka sake."