Tagar Ɗakin Shaame

Tun da aka kai Shaame makwancinsa, matarsa Mwatima ba ta bari an taɓa tagar ɗakin ba. A ƙauyensu da ke tsibirin Pemba mai takaba ba ta leƙe, ba a kuma leƙo ta. Abin bai zame mata baƙo ba, don tun mijin yana kwance da fukarsa tagar a rufe take, an cusa tsumma a kowace kafa kada iska ta bugar masa ƙirji.

Jinya kam ta yi ta, ko maƙiyinta zai shaida. Safe da yamma sai ta dafa ganyen kanumfari da na darbejiya a babbar tukunya, ta kinkimo har gaban gado, ta lulluɓe shi ya yi sirace. In ya gama, sai ta tura tukunyar ƙarƙashin gado, wai kada sauran tururin ya tafi a banza. Wankinsa ma a ɗakin take shanyawa, tunda damina ta ɓoye rana. Wani lokaci yakan ce, "Mwatima, ɗan buɗe mini tagar nan mana." Ita kuwa ta hayayyaƙo masa: "So kake ka mutu ka bar ni?" Sai ya yi dariya ya juya fuskarsa bango.

Yanzu ga tarin ya dawo kanta, irin nasa sak, har da shaƙewar. Ita ma sai ta ɗora tukunya.

Ana haka 'yarta Mkasi ta iso daga birnin Unguja. Tana shiga ɗakin ta toshe hanci.

"Mama, wannan warin fa? Kamar an rufe jiƙaƙƙen buhu."

"Warin ubanki ne, marar kunya. Yaushe birni ya gyara miki hanci?"

"Haba Mama, Baba ƙamshin kanumfari yake yi, ni ma ai na san shi."

Mkasi ba ta iya ganin ƙura ta ƙyale, halin uwar ta ɗauko. Ta janyo gadon za ta share, sai tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Fumfuna ce baƙa ƙirin ta cinye bangon, tun daga ƙasa har daidai matashin kai, inda Shaame ke juya fuska. Ƙasan katifar ma ya yi kore shar.

"Innalillahi! Mama, a nan kike kwana? Likitan da ke duba fukar ɗana, abin da ya fara tambayata ke nan, ko akwai danshi a ɗaki. Ya ce mai fuka in yana shaƙar wannan, magani wahalar banza yake sha. Ba abin da ke ciyar da fumfuna kamar tururi da rufaffiyar taga da..."

Idonta ya faɗa kan tukunyar, sai ta haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana," in ji Mwatima.

"Kwana ne ya ƙare, Mama."

"Na san kwana ne. Ba shi na tambaye ki ba."

Mkasi ta durƙusa ta riƙe mata gwiwa tana kuka. "Don Allah ki koma ɗakin gaba, ko ki bari in buɗe. Masu surutu su yi ta yi, na rasa ɗaya, ba zan ƙara ba."

Mwatima ta daɗe tana kallon bangon. Baƙin ciki ya tokare ta fiye da tarin, don duk tukunyar da ta dafa da ƙauna ta dafa ta. Can ta miƙe da kanta, ta zare tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. Katakon ya kumbura da laima, sai da ta sa kafaɗa ya buɗe. Iska ta shigo da ƙamshin ruwa da na kanumfarin bayan gida.

Ta waiwayo ta dubi gadon da ba kowa.

"Ga ta nan na buɗe maka, Shaame," ta ce.