Mita Ɗaya, Sashe Biyu

Sashe biyu ne a kamfanin, na sabulu da na man shafawa, amma mitar wutarsu ɗaya ce, kuma a bangon sashen sabulu aka kafa ta. Saboda haka kawai, duk takardar kuɗin wutar da ta zo sai a jibga wa sabulu ita ɗungurungum. Shekara da shekaru rahoto yana nuna sabulu a cikin asara, man shafawa kuwa sai karɓar lambar yabo yake. Da manaja ya gaji, ya ce a taro mai zuwa zai rufe sabulu, ya sallami ma'aikatansa.

Akantar kamfanin ta ce ba ta yarda ba. Kafiyarta kowa ya san ta, musamman yayanta, shugaban sashen man shafawa, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama. Manhajar lissafinsu tana iya raba takarda ɗaya ta ba kowane sashe kasonsa, sai dai ba a taɓa kunna wannan ɓangaren ba, don aiki ne ja.

Ta ja mai gyaran wuta suka bi injina ɗaya bayan ɗaya, suna auna abin da kowanne ke sha. Ta tsara ƙa'idar rabo, ta sake shigar da takardun bana. Manhajar ta yi ta ƙin karɓa, wai kason bai daidaita ba, ita kuma tana tsaki tana gyarawa har ta karɓa.

Sabon rahoto ya nuna sabulu yana tsaye da ƙafarsa. Injinan man shafawa ne ke shanye wutar, asarar duk tasu ce. Ta buga rahoton, ta nufi ofishin yayanta.

"Yaya, gara ka gani kafin taro."

Ya karanta, ya cire tabarau. "Auta, ba ki iya mayar da shi yadda yake?"

"Ina iyawa," ta ce. "Amma ba zan yi ba."

Ya daɗe yana kallon ma'aikatan sabulu ta taga, suna loda kwalaye a mota. Sannan ya dubi lambobin yabon da ke bangonsa.

"Ashe da wutarsu na samu waɗannan," ya ce. Ya miƙe. "Kawo takardar. Ni zan kai wa manaja."